Ranar da Yaya Ya Share Gona

Katafila na gurnani a tsakiyar gonar Baba, Yaya kuma yana tsaye a kan tudu da farin takalmi, ya ɗaga waya yana ɗaukar kansa hoto.

"A kankare ta tas!" yake ce wa direba. "Kada a bar min ko cokali ɗaya na ƙazantar nan."

Ƙazantar da yake nufi ita ce baƙar lakar da kogi ke shimfiɗa mana duk shekara in ambaliya ta janye. Tun zamanin kakanmu take taruwa, ita ce takinmu, ita ce abincinmu. To Baba na kwance a asibiti an yi masa aikin ido, shi ne Yaya, da digirinsa biyu, ya taso daga birni zai yi masa ba-zata.

"Yaya, don Allah ka jira Baba," na ce.

"Ke me kika sani? Ƙwayoyin cuta ne zalla. Kamar ni, a ce gonar ubana tana wari?"

Sai ga tsohon da muke iyaka da shi, wanda muke kira Kawu, ya lallaɓo yana tari, fuska abin tausayi.

"Ɗana, ina za ka kai wannan datti?"

"Can bola, Kawu."

"Haba, kada ka wahalar da motoci. Juye min a gonata, zan daure. Maƙwabtaka ai ta wuce haka."

Wallahi har rungume shi Yaya ya yi. Tifa goma sha ɗaya Kawu ya daure.

* * *

Ana cire wa Baba bandeji ya ce a wuce da shi gona. Ya tsaya ya dubi fili ja wur, sumul kamar filin ƙwallo. Ya murza ido.

"Likitan nan ya cuce ni. Komai ja nake gani."

"Idonka lafiya lau, Baba," in ji Yaya yana washe baki. "Tsafta ce."

Baba ya durƙusa ya caka yatsa, ƙasa ta ƙi. Ya daɗe a durƙushe.

"Ku mayar min da bandejin," ya ce.

* * *

Yaya ya koma birni. Hoton nan ya zaga duniya, har aka gayyace shi ya koya wa matasa noman zamani. Masararmu ta tsaya iya gwiwa, ta yi rawaya, ta sunkuya. Ta Kawu sai ka ɗaga kai. Da aka yi girbi ya aiko mana da kwano guda, wai sadaka, Inna ta karɓa da hannu biyu.

Baba kuwa kullum da safe yakan ɗauki bokiti ya gangara bakin kogi, ya ɗebo laka, ya juye a gona, ya koma. Jiya na je na duba. Wurin da ya rufe bai kai faɗin tabarma biyu ba.