Jinin Zakiyya

A shekarar da aka ƙirƙiro jihar Taraba ne Malam Mahadi ya dawo Jalingo daga Zariya, ya kama haya a Sintali, yana koyar da kimiyya. Cikin kayansa har da wani tsohon madubin likita, irin mai ƙara girman ƙananan abubuwa, mai aiki da hasken rana. Duk Asabar sai ya ɗebo ruwan kogin Nukkai a kwalba, ya ɗiga a gilashi, ya zauna bakin taga yana nazarin ƙwayoyin laka: wadda ta kwanta, wadda ta karkace, da yadda dogayen ke sarƙe juna idan hanya ta matse.

'Yarsa Zakiyya kuwa, da damina ta kankama sai ciwon ƙashi ya tasar mata. Yayarsa, Adda Furera, ta ce sanyi ne, ta yi ta dafo saiwoyi. Matarsa Zulfa ta yi ta gasa mata gwiwoyi da tsumma.

Wata safiya, bayan yarinyar ta kwana tana kuka, ya soki yatsarta da allura ya shafa jinin a gilashi. Ya daɗe bai ɗago kai ba. Ƙwayoyin da ya kamata su zama zagayayyu, da yawa sun lanƙwashe kamar lauje. Ya kuwa san abin da masu irin wannan siffa ke yi a matsattsiyar jijiya.

"Baba, in gani?"

Ya ɗora ta a cinyarsa. Ta runtse ido ɗaya ta leƙa.

"Kai! Jinjirin wata, da yawa! Duk nawa ne?"

"Duk naki ne," ya ce, ya kau da fuska.

A asibiti aka tabbatar sikila ce, kuma gado ne, shi da Zulfa kowa ya ba da rabi. Suka yi ta jinya, yau sauƙi gobe kwanciya. Zakiyya ta tsallake damina biyu. A ta uku, Zulfa na da tsohon ciki, Allah Ya karɓi abinSa.

Aka haifi namiji, aka sa masa Imrana. Washegarin suna Zulfa ta jawo akwatin madubin daga ƙarƙashin gado, inda ya tura shi tun ranar jana'iza, ta dire a gabansa.

"Malam, duba jininsa."

"Jinin jariri ba ya nunawa yanzu. Sai yaron ya fara zama."

"Kafin nan ina zan sa raina?"

Adda Furera ta leƙo daga tsakar gida.

"Useko, don Allah, ku bar yaron nan ya sha nono. Mai ba da rai Shi Ya san abin da Ya ba shi."

Malam Mahadi ya karɓi jaririn ya rungume. Yaron ya damƙe masa yatsa yana barci. Zulfa ta zauna gefen gado ta juya musu baya, tana ninke kayan barka, tana kuka ba sauti.