Mita Ɗari Biyu

Gilbert ya tsoma hannunsa na hagu, mai ɗaure da agogo, cikin bahon wanke-wanken matarsa har gwiwar hannu, ya bar shi a ciki, yana kallon matafiya uku da ke cin shinkafa a kan benci.

"Ku ƙirga," in ji shi. "Ku ƙirga har ɗari in kun ga dama."

Babu wanda ya ƙirga. Jirgin ƙasan Fatakwal ya yi latti kamar kullum, mutanen kuma yunwa ce ta kawo su, ba kallo ba. Emilia na tsaye da kwanuka a hannu tana jiran maigida ya gama wasa da ruwanta. Shekara shida ke nan tana sayar da abinci a bakin tashar jirgin Kafanchan, kuma da wuya rana ta fito ta faɗi ba a yi wa agogon nan wanka a bahonta ba.

Ya zaro hannun yana ɗigar kumfa, ya kai wa na kusa da shi agogon daidai hanci.

"Ka gani? Yana tafiya. Taitaniyam ne, ƙarfen da ake ƙera jirgin sama da shi. Ba nauyi, ba tsatsa. Mita ɗari biyu ƙarƙashin teku, ko a jikinsa. Lokacin da muke aikin ruwa a Warri, in ba ka da irin wannan, sunanka gawa."

Agogo ne mai launin toka, faɗinsa kamar murfin gwangwanin madara, da wani zobe a kewaye mai yin ƙas-ƙas in an juya shi. Masu nutso da shi suke auna iskar da ta rage musu. Gilbert kuwa da shi yake auna dahuwar ƙwai da tsawon wa'azin Fasto. Da shi yake zuwa shagonsa na kayan babur, da shi yake zuwa jana'iza, da shi yake barci.

Abin da ke ƙona wa Emilia rai shi ne mutumin bai taɓa yin ƙarya kai tsaye ba. "Muke" yake cewa, ya bar mutane su ƙarasa masa. Ita kuwa ta zauna da shi a Warri shekara biyu, ta san aikinsa. Mai tsaron sito ne. Shi ke miƙa wa masu nutso igiya da tukunyar iska da safe, ya karɓa da yamma. Agogon ma wani Bature ne ya bar masa ranar da zai koma gida. Sau ɗaya suka shiga kwale-kwale tare, ya riƙe zanenta tun daga wannan gaɓa har waccan, idonsa a rufe, yana kiran Yesu. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Tana ganin in namiji ba shi da abin taƙama sai agogo, to a bar shi da agogonsa.

Tana cikin zubar da ruwan ne wata motar ɗaukar citta ta tsaya, jikinta duk laka. Yayanta Andrawus ya sauko, bai ko gaishe ta ba, ya wuce wajen mijinta.

"Suruki, Ubangiji ya sa na same ka. Meshak, yaron Damaris, ruwa ya ɗauke shi jiya da yamma. Yana dawowa daga gonan citta. Mun nema da gora har mun gaji. Yana cikin gurbi na ƙarƙashin dutse, kowa ya sani, amma ba wanda zai iya shiga."

Emilia ta san gurbin. A ƙauyensu ne, bayan Fadan Kaje, inda rafi ke karo da dutse ya yi juyi. A irin wannan wata na Agusta ko saniya ce ta faɗa, an yafe ta.

"Yaya, ku kira Musbahu mana," in ji ta. "Shi da mutanensa masu haƙan yashi. Ba su ne suke cire mutane kullum ba?"

Andrawus ya dube ta kamar ta zage shi.

"Tun rikicin da aka yi bara a Zango, ba mu kira su, ba su kira mu. Mu je mu roƙe su a kan me? Muna da namu."

Ya dafa kafaɗar Gilbert. Matafiyan nan uku sun daina cin abinci, yanzu kam sun sami abin kallo. Emilia ta zuba wa mijinta ido tana jira. Kalma huɗu ce kawai: ban iya iyo ba. Gilbert ya juya zoben agogonsa, ƙas, ƙas, ƙas.

"Bari in rufe shago," ya ce.

Ta bar wa maƙwabciyarta tukwane ta bi su. A bayan motar suka zauna su biyu, kan buhunan da babu komai, ƙamshin citta na shiga hanci. Bayan sun wuce Kagoro ta matso kusa da kunnensa.

"Baba Kaleb, ka faɗa masu."

"In faɗa masu me?"

"Ka ce kana da hawan jini. Ka ce ba kayan aiki. Ka ce ko mene ne."

"Mama Kaleb, ki bar ni in yi tunani."

Ta bar shi. Ta san tunanin nasa. Yana fatan taya ta fashe, ko gada ta karye, ko gawar ta taso da kanta kafin su isa. Tun da ta san shi haka yake, jira yake wani abu ya zo ya cece shi.

Taya ba ta fashe ba. Suka tarar da rabin ƙauye a bakin rafi, matan zumuntar coci sun yi da'ira suna waƙar ta'aziyya a hankali. Da aka hango shi sai waƙar ta tsinke, aka fara raɗa, "Ga shi nan, mai agogo ya zo." Aka buɗe masa hanya kamar bishop. Abin haushi, duk da tsoron da ke cikinsa, sai da ƙirjinsa ya ɗan taso.

Ruwan ja ne kamar kunun dawa, yana juyi a gindin dutsen da ƙara mai sa mutum ɗaga murya. Gilbert ya tsaya nesa da gaɓa, ya yi gyaran murya.

"Gaskiya aiki irin wannan yana bukatan silinda na iska. Da gilashin ido. A Warri ba mu shiga haka nan."

Emilia ta saki numfashi. Amma kafin kowa ya amsa, Damaris ta fito daga cikin mata. Ƙaramar mace ce, gwauruwa, idanunta sun kumbura. Ta durƙusa a laka ta kama ƙafarsa da hannu biyu.

"Oga Gilbert, ban ce ka kawo shi da rai ba. Na san ya tafi. Ka kawo mani shi in wanke shi, in sa shi kusa da babansa. Shi kaɗai ne namiji na. Kar kifi ya ci mani yaro."

A nan ne mutumin kirki zai ɗaga ta, ya gaya mata gaskiya, ya sha kunyarsa ta minti biyar. Gilbert ya duba hagu, ya duba dama, ya ga idanu sun fi ɗari. Sai ya sunkuya ya fara kwance takalmi.

Ya cire riga, tumbinsa ya fito fili. Andrawus ya kawo igiyar guga, tsohuwa, ta sha rana ta sha ruwa, ya ɗaura masa a ƙugu. Emilia ta ga mijinta ya murza igiyar tsakanin yatsu biyu. In akwai abin da Gilbert ya sani a duniya, igiya ce, shekara takwas yana dubawa yana ware ruɓaɓɓu. Ta ga fuskarsa, ta san ya san wannan ba za ta riƙe ko akuya a ruwan nan ba. Ya saki igiyar.

Sannan ya juyo wajenta, ya ɓalle agogon.

Tun da ya ɗaura agogon ba ta ƙara ganin wuyan hannun nan ba sai yau. Fatar da ke ƙarƙashi ta yi fari fat, ta yi laushi kamar ta jariri. Ko ranar da aka yi masa aikin ƙaba, sai da ya yi faɗa da nas a kan ba za a cire shi ba. Yanzu ga shi ya ɗora mata a tafin hannu, ya naɗe yatsunta a kai. Hannunsa sanyi ƙalau.

"Ki ajiye wa Kaleb," ya ce a hankali.

Agogon da ke zuwa mita ɗari biyu, an cire shi za a shiga ruwa. Nan take ta gane. Shiga zai yi da gaske, kuma ya san ba zai fito ba. Ya auna ita da yara uku a gefe guda, dariyar mutanen ƙauye a ɗaya gefen, ya ga dariyar ta fi nauyi. Ba tausayi ne ya kama ta ba. Raini ne, irin wanda ba ta taɓa jin kamarsa ba, har bakinta ya yi ɗaci.

Ta taka zuwa gaɓa, ta ɗaga hannu, ta wurga agogon tsakiyar gurbin. Ko ƙara bai yi ba.

"Ga mai nutson naku nan ya shiga," ta ce da ƙarfi. "Ku jira shi ya fito. Wannan da kuka ɗaura wa igiya, sitokifa ne, mai tsaron sito. Igiya yake ba mutane a Warri. Bai iya iyo ba, ko a baho. In kuna so ku binne mutum biyu yau, ku tura shi."

 Wani ya fara dariya a baya, ya tuna inda yake, ya haɗiye ta.

"Emilia, kin haukace?" Andrawus ya daka mata tsawa. "Mijinki ne!"

"Shi ya sa. Kai kuma, Yaya, tun jiya yaron mutane yana cikin ruwa, masu yashi suna nan ƙasa da gada, tafiyan minti ashirin. Kai ka kwashi mota har Kafanchan don kar a ce ka gaishe da Bahaushe."

Damaris ba ta zagi kowa ba. Ta tashi, ta kaɗe lakar gwiwarta, ta gyara ɗaurin zane, ta kama hanyar gada ita kaɗai. Sai da ta yi nisa mata biyu suka ji kunya suka bi ta.

Kafin la'asar Musbahu ya iso a kwale-kwalen yashi da mutum biyu. Siriri ne, furfura ta fara masa, gajeren wandonsa duk faci. Ya yi sallama, 'yan kaɗan suka amsa. Ya tsaya yana kallon inda kumfa ke taruwa, ya jefa kara ya ga inda ya bi, ya yi bisimilla ya shige. A nutso na uku ya taso da hannun Meshak a kafaɗarsa.

Mata suka fashe da kuka. Aka shimfiɗa zane, aka ɗauki gawar, jama'a suka bi ta zuwa cikin gari. Babu wanda ya waiwayi Gilbert. Yana zaune a kan dutse ba riga, igiyar guga na nan a ƙugunsa, don ba a tuna an kwance masa ba. Emilia ta san zai yi wata guda bai yi mata magana ba, ta san labarin zai riga su isa Kafanchan. Ta ɗauko rigarsa da takalmansa.

Musbahu ya matso yana tsane jiki da tsumma.

"Sannu, maigida. An ce wani agogo mai tsada ya faɗa ciki. In ruwa ya ja baya zan iya duba maka."

Gilbert ya ɗago kai da sauri, har bakinsa ya buɗe.

"Bar shi, malam," in ji Emilia. "Shekara shida agogon yana jira ya shiga ruwan gaske."

Ta durƙusa ta fara kwance igiyar.