Ma'aunin Zafin Baba

Babanmu ya shekara talatin da ɗaya a ɗakin sama, kuma ya rantse ba mai fitar da shi sai makara. A nan mahaifiyarmu ta cika, har yau madubinta na rataye a bayan ƙofa. Matsalar ita ce rufin kankare ne tsirara. Rana ta wuni tana dukansa, da la'asar ɗakin ya koma tanda, ko gadon ƙarfen ka taɓa sai ka janye hannu.

Da likita ya ce zuciyar Baba ba za ta ƙara jure wannan zafin ba, babban yayanmu ya yanke hukunci: Baba zai koma gidansa, ɗaki mai iyakwandishan. Baba bai yi musu ba, abinci kawai ya daina ci. Ni kuwa na kasa zaune na kasa tsaye, don na san ranar da aka raba shi da ɗakin nan an gama da shi.

Mijina magini ne, ba ya da yawan magana. Shi ya ce a ba shi wata biyu. Ya duba ƙarfin ginin, ya shimfiɗa leda mai kauri a kan rufin don kada ruwa ya yoyo, ya zuba tsakuwa, ya bi da ƙasa tsawon taƙi ɗaya, ya dasa ciyawa mai jure ƙishi. Maƙwabta suka sha dariya, wai mun rasa gona mun hau sama. Yaya ya amince da sharaɗi ɗaya: za a rataye ma'aunin zafi a ɗakin Baba, a rataye wani a ɗakin tela maƙwabcinmu, mai rufi irin namu na da. In ba a ga bambanci na kirki ba, Baba zai tashi.

Ranar da wa'adin ya cika, Yaya ya iso da ƙarfe uku, da direbansa da akwatunan kwashe kayan Baba, rana tana tsaka da aikinta. Ya fara leƙa ɗakin tela, ya fito yana sharce gumi, ya ce talatin da takwas. Muka hau wurin Baba. Yana zaune a bakin gado cikin farar riga, ya haɗe hannuwa kamar mai jiran alƙali.

Yaya ya ciro ma'aunin daga ƙusa, ya duba, ya sake dubawa. Sha ɗaya. Gilashin har raɓa yake yi, ga ƙanshin lemon da ke cikin firjina yana tashi daga jikinsa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ashe da muna ɗakin tela, tsohon nan mai ciwon zuciya ya lallaɓa ya sauka, ya ɗauko ma'aunin daga firjin, inda ya ɓoye shi tun safe.

"Baba, sha ɗaya fa?" in ji Yaya.

"Aikin surukina ne, yana da kyau," Baba ya ce, idonsa na kan silin.

Yaya bai yi dariya ba. Ya mayar da ma'aunin kan ƙusa, ya ja kujera, ya ce za mu jira. Muka zuba wa jan layin nan ido yana hawa. Ashirin. Ashirin da biyar. Mijina ya fita baranda, ya kasa kallo. Baba ya kama hannuna, tausayinsa ya cika ni.

"In ya kai na tela, ni zan haɗa kayana da kaina," ya ce a hankali. "Kada wanda ya taɓa mini komai."

Layin ya tsaya a talatin da ɗaya. Muka ƙara rabin awa, bai motsa ba.

Yaya ya daɗe yana kallon mahaifinsa. Sannan ya tashi ya leƙa taga, ya ce wa direbansa ya mayar da akwatunan cikin mota. Baba ya saki hannuna, ya share fuska da gefen riga, ya tambaye ni ko da sauran abinci a tukunya.