Ɗanyen Kifin Badaru

Badaru mutumin Funtuwa ne, amma tun da ya kwana biyu a Greensboro ya samu aikin tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito, sai ya ɗauki kansa Ba'amurke da rabi. In aka ambaci tuwo ya yamutsa fuska, wai yana sa shi nauyin jiki. Mutumin da kunun tsamiya ya raina, shi ne yanzu ba ya karya kumallo sai da kofi a kofin takarda.

To, Allah ya haɗa shi da Malika, ma'aikaciyar jinya, 'yar mutanen Damagaram, ta kuma amince masa. Saura uwarta. Hajiya Fassouma ta zo daga Nijar ganin 'yarta a bazarar 2005, ranar Lahadi za ta koma, kuma Malika ta gaya masa ƙarara cewa tun rasuwar mahaifinta maganar Mama ce yankakkiya. In ta hau jirgi ba ta ce "to" ba, babu aure.

Da mai hankali ne, goro da turare zai saya, ya je falo ya durƙusa ya gaishe ta, kansa a ƙasa. Badaru? Ina! Shi wayewa zai nuna, tsohuwa ta san 'yarta ba hannun bagidaje ta faɗa ba. Ya ce ranar Asabar zai kai su cin abincin rana a wani ɗan gidan abincin Japanawa ta wajen unguwar Irving Park, inda ya sha ganin masu hannu da shuni suna ajiye motoci.

"Badaru, are you sure?" in ji Malika a waya. "Mama fa ba za ta..."

"Ki bar min komai," ya katse ta, ya naɗe wayarsa ƙas.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne bai taɓa sa sushi, abincin nan nasu na shinkafa da ɗanyen kifi, a bakinsa ba. Ya yi kwanaki a ɗakinsa na East Greensboro yana koyon riƙe tsinkayen cin abincinsu da fensir biyu da gyaɗa a faranti, har yatsunsa suka yi tsami.

Ranar Asabar aka zaunar da su a teburi kusa da taga. Hajiya ta gyara mayafinta, ta karkata kujerarta ta fuskanci bango. Can sai ga wani katako mai siffar kwalekwale an dire musu, an jera curin shinkafa a kai, kowane curi da yankan kifi kwance a bisansa, wani ja, wani ruwan goro, ko wuta bai gani ba. Badaru ya kalla, yawu mai tsami ya cika masa baki. Cikinsa ya yi masa magana a fili: kada ka soma.

Hajiya ta ɗan sunkuya wajen 'yarta. "Ki ce masa an gode. Na ƙoshi."

Kowa a can gida ya san wannan ƙoshin ba na ciki ba ne. Suruka ba ta cin abinci a gaban suruki, shi ma ko yunwa za ta kashe shi ba ya tauna a gabanta. Badaru ma ya taɓa sani, don mahaifinsa har ya mutu bai sha ko ruwa a gidan surukansa ba. Amma wannan sanin yana can Funtuwa tare da tsofaffin takalmansa. Shi a ganinsa tsinkayen ne suka ba tsohuwa tsoro, sai ya nuna mata yadda ake yi.

Ya ɗauko curi ɗaya, tsinkayen ba su ci amanarsa ba, ya jefa a baki. Wayyo! Sanyi, santsi, ƙarni. Ya haɗiye da ƙyar kamar mai shan maganin zazzaɓi, ya yi murmushi, ya sake ɗaukowa. Malika ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin teburi. Ya ɗauka yabo ne, ya kanne mata ido. Ya ga wani koren abu a gefe, ya ce ai wannan yajinsu ne, ya lakata son ransa. Hancinsa ya kama da wuta har tsakar kai, hawaye shar, ya kwankwaɗi ruwa, ya yi gyatsa.

"Very fresh, Mama!" ya ce, baki cike. Sannan, don ya cika aikinsa, ya ɗauko wani curi da tsinkayen da suka fito daga bakinsa ya miƙa wa Hajiya. "Ɗanɗana wannan ki ji."

"Subhanallahi," in ji Hajiya a hankali, ta ja mayafi ta rufe hanci.

Kada abinci ya lalace, ya haɗa da rabonta ya share. Kowace loma azaba ce, amma a ransa yana cewa don Malika ai ko ɗanyen kada ne zai ci. Ita kuwa Malika tun tuni ta ajiye tsinkayenta tana kallon taga.

A hanyar komawa cikinsa yana ta juyi, shi kuwa sai leƙen Hajiya yake ta madubi, yana jiran albishir. Da ya tsaya a ƙofar gidansu, ta sauka, ta zagayo ta tagarsa, ta dube shi ido cikin ido a karon farko.

"Badaru."

Malika ta runtse ido. Suruka ba ta kama sunan suruki haka gatsal, sai Malika ta san an gama.

"Bon," in ji Hajiya da Faransancinsu na Nijar. "Ka fita da mu, Allah ya saka da alheri. Ni ɗanyen kifi bai dame ni ba, kowa da abincin garinsu. Amma yau na ga cikin bakinka har maƙogwaro. Ka ci, ka sha, ka yi gyatsa, ka miƙo mini loma. 'Ya'yan da na haifa kaɗai ke yi mini haka. Daga yau kai ɗana ne, yayan Malika. In mijinta ya fito, kai za mu sa ka bincika mana ko yana da kunya."

Ta ja hannun 'yarta suka shige.

Badaru bai kai ƙarshen layin ba ya taka birki, ya buɗe ƙofa da sauri ya durƙusa a bakin titi. Kifin da ya raba shi da Malika ko zama a cikinsa bai yarda ya yi ba.