Kafin a Kafa Allo a Lambun Elva

Elva Noack ta ce za ta jira ni zuwa yammacin Asabar, ba za ta ƙara ko yini ba. Gwiwoyinta sun gama aiki, 'ya'yanta sun samar mata ɗaki a gidan tsofaffi a garin Tanunda, dillali kuma sai zarya yake da allonsa na sayar da gida a bayan mota tana korarsa. Ranar Lahadi da muka fito daga coci ta riƙe min hannun riga.

"Verna, in 'yarki tana son gidan nan da lambun, nata ne, ba sai an kai kasuwa ba. In ba ta so, ki zo ki faɗa min da bakinki. Litinin mutumin nan ya kafa allonsa."

"Za ta so."

"Kin tambaye ta?"

"Ba a tambayar Kerryn. Nuna mata ake yi."

Kerryn autata ce. Tun tana rarrafe take cikin ƙasa, kuma hannunta mai albarka ne, ko tsinken tsintsiya ta soka sai ya yi ganye. Sai ta auri Trent, direban jirgin ƙasa mai jan tama, ya kwashe min ita zuwa Karratha, can ƙuryar arewa maso yamma. Ƙasar wurin ja ce kamar garwashi, in ka ajiye tukunyar fure a waje da safe, da rana ganyen shayi za ka tarar. Tun da muka binne babanta, Wilf, ni kaɗai ce a gida sai kaji. Kullum in na durƙusa ina gaya wa Ubangiji, ban ce ka raba ta da mijinta ba, amma ai nan Barossa ma ana neman direbobi.

Da Kerryn ta ce za ta zo ta yi min mako, ni na zaɓa mata lokaci. Na ce ta zo a Oktoba, makon da ake buɗe lambunan gidaje ga masu kallo, lokacin da inabi ya fara tofo, wardi kuma ya haukace a kowane shinge.

Ranar Asabar da safe ta same ni ina ba kaji hatsi.

"Mama, yau ki sa rigar kirki. Na kama mana tebur a gidan abincin gonar inabin nan ta kan tudu."

"Inda ake ba mutum loma ɗaya a faranti kamar tayar mota?"

"Nan fa."

"To bari in sa burodi a jaka."

"In kin sa, a mota zan bar ki."

Na fara kai ta gidan wasu 'yan birnin Adelaide da suka sayi tsohon gidan dutse a hanyar Angaston. Da gangan na yi. Muka jefa kuɗi a gwangwanin 'yan kwana-kwana a bakin ƙofa muka shiga. An aske kowane shinge kamar kan soja, ga tafki da kifaye jajaye, ga fararen furanni a layi, mutane na ta ɗaukar hoto suna magana ƙasa-ƙasa kamar an yi rasuwa.

"Ya yi kyau," in ji Kerryn.

"Ko albasa ɗaya babu."

"Mama, za su ji ki."

"Su ji. In baƙo ya zo, kifin za su soya masa?"

Ta yi dariya, amma na lura hannuwanta suna cikin aljihu har muka fita. Dama abin da nake so ke nan. Sai mutum ya ji yunwa yake sanin daɗin tuwo.

Elva tana zaune a bakin ƙofarta da gwangwani a cinya da faranti na kek ɗin nan namu mai ɓarɓashin sukari a sama. Tana ganin Kerryn ta buɗe hannu.

"Zo nan, 'yar gudun hijira. Dubi yadda rana ta soya ki. Mijin naki ba ya saya miki hula?"

"Anti Elva, ke kuma ba kya tsufa."

"Ƙarya a ranar Asabar, gobe sai ki gaya wa Fasto. Shiga ki ga ɓarnar da na yi."

Lambun Elva ba a aske shi ba. Wake ya hau kan wardi, wardi ya hau kan tankin ruwa, tsohon ɓauren da surukinta ya dasa ya kwanta a kan katanga kamar mai jin barci. Rumman ya yi jan fure. Inabin da ke rufe baranda kututturensa ya kai cinyata kauri. Ta baya kuwa, inda Elva ta daina iya kaiwa, ciyawa ta cinye kunyoyi har an daina ganin iyakarsu.

Ba mu yi nisa ba hannuwan Kerryn suka fito daga aljihu. Ta murza ganye ta shinshina. Ta ɗebi ƙasa ta matse ta saki. Elva ta biyo mu da sandarta, ta karya reshen wani wardi mai ruwan goro ta miƙa mata.

"Kai, Anti, na go..."

"Kul. Ba a yi wa reshe godiya, in kin gode ba zai kama ba. Uwarki ba ta koya miki komai ba?"

"Ai ko na ɗauka za su karɓe a filin jirgi. Ba a shiga jiharmu ta Yamma da ɗanyen ganye."

"To ki dasa shi a nan mana," in ji Elva, tana kallona. Na taka mata ƙafa.

Da muka kai kunyoyin baya, Kerryn ta tsaya. Ta ajiye jaka, ta durƙusa da wandonta mai kyau ta fara cire ciyawa. Wata mata da ta zo kallo ta ɗauka ita ce mai gidan, ta tambaye ta sunan wani fure, ita kuma ta faɗa mata ba tare da ta ɗago ba. Na juya na yi kamar ina duba ɓaure. A raina na ce, Ubangiji, ka gani dai, ni ban ce komai ba.

Elva kuwa ba ta iya riƙe baki. Sai da ta ja Kerryn cikin gida wai ta wanke hannu, ta nuna mata ɗakuna, ta nuna mata sabon rufi, har da inda injin wanki yake shiga.

Gidan abincin gilashi ne gaba ɗaya, kana zaune kana kallon layukan inabi suna gangarawa har bakin rafi. Na yi addu'a a fili kamar yadda na saba, yarinyar da ke kawo abinci ta tsaya da kwandon burodi har na ce amin. Sannan ta karanto mana tarihin ɗan ragon da za mu ci, gonar da ya tashi da ciyawar da ya ci.

"Sunan uwarsa fa?" na ce.

"Mama."

Naman ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba, sai dai in ka yi atishawa ya tafi. Kerryn ta sa aka zuba mana jan ruwan inabi, na ce rabin kofi ya ishe ni. Ina ta juya maganar a bakina ina neman ta inda zan kamo ta. Na ajiye cokali na ce, "Ke, akwai maganar da..." daidai lokacin da ita ma ta ce, "Mama, dama ina so..."

"Faɗi taki," na ce.

Ta gyara zama. Ƙasan faratanta har yanzu da ƙasar Elva.

"Mun gyara ɗakin baya. Trent ya yi wata da watanni yana aikinsa. Da banɗakinsa, da na'urar sanyi, har ƙarfen riƙewa ya sa a wurin wanka. Akwai coci, ƙarama ce amma suna waƙa da ƙarfi. Mama, ki zo ki zauna da mu. Ba na son kina can ke kaɗai, in kin faɗi a bayan gida kaji ne kawai za su sani."

Na kalle ta. Ashe ita ma da nata tarkon ta zo, har da tebur mai farin mayafi.

"Shi ya sa kika ce in sa rigar kirki."

"Shi ya sa. Ke kuma taki maganar?"

"Elva za ta sayar da gidan."

"Na sani. Tun da ta nuna min wurin injin wanki na sani."

"Ta ƙi dillali saboda ke. Zuwa yamman nan take jira."

Kerryn ta fara dariya, ta rufe baki da mayafin goge hannu, dariyar ta daɗe fiye da yadda ya kamata, da ta sauke mayafin idanunta sun jiƙe.

"Mu biyu dai, Allah ya shirye mu."

"Na ga hannunki a ƙasar nan, Kerryn. Kada ki ce min ba kya so."

"Ina so. Wa zai ga wurin nan ya ce ba ya so? Da za a naɗe shi kamar tabarma da na tafi da shi. Amma Mama, ba zama nake a can ina jiran ranar dawowa ba. Ina da aikina a asibiti, akwai tsofaffin da in ba ni ba ba sa yarda a taɓa su. Trent yana son jirginsa. Ina da mutane." Ta ɗago ta dube ni. "Ina da mangwaro."

"Kina da me?"

"Bishiyar mangwaro. Daga ƙwallo na tashe ta, na yi mata rumfa, ruwan wanka nake ba ta. Guguwa ta karya ta, ta sake tofo. Bana ta yi 'ya'ya. Akwai gwanda ma, da ayaba a jikin katanga."

"Ba ki taɓa faɗa min ba."

"Duk lokacin da na fara sai ki ce ai ba abin da ke fitowa a wannan murhun."

Ta ciro waya ta nuna min. Wata 'yar bishiya ce a jar ƙasa, ba ta fi tsawon Trent ba, da 'ya'ya kore ƙanana kamar ƙwan kaza. Na daɗe ina kallo. An rage mata rassa daidai, an buɗe tsakiyarta iska na shiga, yadda Wilf yake yi wa lemo. Duk shekarun nan ina tausayin yarinyar nan ina cewa yunwar ƙasa na cinta, ashe ta samo tata ƙasar ta yi shiru.

"Tana buƙatar taki," na ce, na mayar mata da wayar.

"To ki zo ki zuba mata."

"Wa zai wanke dutsen kabarin babanki? Wa zai kai furanni coci? Wurina yana nan kusa da shi, an riga an ajiye. Ba zan je in mutu a inda za a sa ni a jirgin sama kamar kaya ba."

"Baba ba ya jin kaɗaici, Mama. Ke ce kike ji."

"Ci abincinki, yana hucewa."

Aka kawo wani abin zaƙi na ɓaure da kirim. Muka ci. Ta ce kirim ɗin bai kai nawa ba, na ce ya fi, kada ta yi min daɗin baki. A wancan teburin wasu iyali suna bikin ranar haihuwar kakarsu, 'ya'ya da jikoki sun cika tebur har an haɗa biyu. Na juya kujerata kaɗan wajen gilashi.

Da muka fito ta ce, "Gida?"

"Wurin Elva. Na ce zan faɗa mata da bakina."

Rana ta yi sanyi lokacin da muka isa. Masu kallo sun watse, saura wasu mata biyu suna jayayya a kan tukwanen da ake sayarwa a bakin ƙofa. Kerryn ta sumbaci Elva a kumatu, ta ce ta bar kunya ɗaya rabi, ba za ta iya barci ba in ba ta ƙarasa ba. Ta ɗauki ƙaramar fartanya a jikin tanki ta yi baya.

Na zauna kusa da Elva a baranda, ƙarƙashin inabi. Ta dube ni sau ɗaya.

"To?"

"Ki kira mutumin."

Ba ta ce kash ba, ba ta ce ai na faɗa miki ba. Ta zuba min shayi daga butar da ta riga ta huce, ta tura min sauran kek.

"Nawa ma ba wanda ya so," ta ce. "Uku na haifa a gidan nan."

"Tawa kuwa wai ni take so in bi ta," na ce.

"Za ki je?"

"In je in yi me, in narke?"

"Ni dai ɗakin da suka samar min tagarsa wurin ajiye motoci take kallo."

Muka kurɓi shayinmu. Daga inda muke ana hango kunyoyin baya ta tsakanin rassan ɓaure. Kerryn ta cire takalma, ta naɗe wando zuwa gwiwa, tana sara tana jefa ciyawa bayanta, kunyar tana fitowa baƙa a miƙe. Ta gama wadda ta bari, ta tsaya ta dafa ƙugu, ta dubi ta kusa da ita, ta shiga. Wani tsuntsu ya sauko yana bin sawunta yana tsintar tana. In ba ka sani ba sai ka ce matar gidan ce, ta fito ta ɗan taɓa aiki kafin ta shiga ta ɗora tukunya, uwarta kuma ta leƙo daga gidanta da ke nan bayan coci ta sha shayi.

"Wahalar banza take yi," in ji Elva. "Wanda zai saya, wa ya sani, ƙila tafkin wanka zai haƙa a wurin. Kira ta, sanyi na sauka, ba ta saba ba yanzu."

Na riƙe kofin da hannu biyu.

"Bar ta tukuna," na ce.