Biyar Ɗin Ƙarshe

Shekara talatin Valdomiro Tenório ya yi yana gyaran rediyo a titin Santa Ifigênia, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: idan babu taransistan da ake nema, a ɗauki mai lambar da ke kusa da shi. Da wuya dabarar ta ba shi kunya.

A shekarar 1979 'yarsa Neusa tana ajin ƙarshe na karatun injiniya. Aikinta na kammalawa sikeli ne mai auna buhunan kofi ya buga nauyinsu da kansa. Wata masana'antar sikeli ta ce za ta turo mutum ranar Laraba, idan abin ya yi aiki ta ɗauke ta.

Duk aikin ya rataya a kan ƙwaƙwalwar lantarki ɗaya, baƙa, mai ƙafa arba'in, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Ba a samun irinta a shagunan titin. Wata huɗu Neusa ta jira, kafin ɗan kawunta ya kawo ta daga Miami cikin safa. A bayanta an rubuta 8085.

Valdomiro ya sha yi wa waɗannan abubuwa ba'a. A wurin shan kofi yakan ce wa maƙwabcinsa Ari, mai sayar da wayar lantarki, wai masu yin su sun rasa sunan da za su raɗa musu sai lambar motar haya: 4004, 8008, 8080. Ari yakan ce masa tsoho ne kawai ke jin haushin abin da ya fi ƙarfin sukundirebansa. Neusa ta taɓa fara yi musu bayani a teburin, cewa lambobin ba tsani ba ne, 8008 ba 4004 ce aka ninka ba, kowace da gininta. Valdomiro ya ce ya ji, ya miƙa hannu ga sukari.

Ranar Asabar da hantsi Neusa ta fita sayen dalma. A kan bencin shagon akwai allunan haɗa kayan lantarki biyu: sabon da take haɗawa, saura waya kusan ashirin, da wani tsoho da malaminta ya ara mata, wanda ƙwaƙwalwarsa 8080 ta mutu. Valdomiro ya dubi tsohon allon, komai nasa a haɗe. Ya ƙirga ramukan mazaunin ƙwaƙwalwar, arba'in. Ya ƙirga ƙafafun sabuwar ƙwaƙwalwar, arba'in. Tsakanin tamanin da tamanin da biyar, a lissafinsa, wa da ƙani ne. Ya so ta dawo ta tarar fitilar allon tana ci.

Ya zaunar da ita daram a tsohon allon, ya kunna. Babu ƙara, babu tartsatsi. Da ya ɗora yatsa a bayanta sai ya janye da sauri saboda zafi.

Neusa ta shigo, ta shaƙi iskar shagon, ta ajiye ledarta. Ta zare filogin, ta ciro ƙwaƙwalwar, ta gwada ta har sau uku. Ta ƙone.

"Baba, biyar ɗin ƙarshen nan ba ƙari ba ne. Wutar bolt biyar take ci, shi ke nan. Tsohon allon har sha biyu yake bayarwa."

"Ai ta shiga, Neusa. Ko tura ta ban yi ba."

"Na sani, Baba. Duk suna shiga."

Litinin da Talata Valdomiro ya rufe shago, ya bi titin ƙofa-ƙofa, har Ari ya buga wa wani a garin Santos waya. An sami Z80 guda biyu da 6800 guda ɗaya, ba wadda za ta zauna a allon Neusa ba tare da an sake shi daga tushe ba. Ranar Laraba mutumin masana'antar ya zo, ya duba zane a takarda, ya sha kofi, ya tafi. Wani ɗan ajinsu aka ɗauka.

Neusa ta kammala bayan wata shida, ta kama aiki a banki, inda ta shekara ashirin da shida. Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Valdomiro ya jira ta tayar, don ya sami inda zai sa haƙurin da yake son bayarwa.

Ƙwaƙwalwar tana cikin kwalin ashana a durowarsa ta sama. Bayan shekaru, da aka rufe shagon gaba ɗaya, Neusa ta same ta, tare da takardar bayaninta ta Turanci, mai faɗin aikin kowace ƙafa. A ƙarƙashin kowane layi an rubuta fassara da fensir, da hannun mahaifinta, har ƙafa ta arba'in.