Rijiyar Alhaji Mohaman Bello

Babu wanda ya yi wa lafiyar jama'ar unguwar Briqueterie hidima kamar Alhaji Mohaman Bello. Shi da bakinsa ya tabbatar da haka, kuma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, tunda ba a taɓa bincika ba.

Daminar da cutar amai da gudawa ta ɓulla a unguwar Nkomkana, ma'aikatan lafiya suka bi gida gida suna koya wa mutane ɗiga jabel, wato bilic mai kashe ƙwayar cuta, a ruwan sha. Alhaji, mai gidan haya ɗaki goma sha ɗaya da rijiya a tsakar gida, ya ga ɗigo aikin talaka ne. Surukinsa mai kula da tafkin wanka a wani otel ya kawo masa garin jabel mai ƙarfi, irin wanda ake aunawa da cokali. Alhaji ya juye rabin bokiti a rijiya da sassafe, ya sanar a ƙofar masallaci kada a taɓa ruwan sai bayan kwana uku.

Maza kaɗai ya sanar wa. A gidan nan babu namijin da ya san nauyin guga, amma kowa ya kai wa matarsa labari. Tasalla, ɗaya daga cikin 'yan hayar, ba ta da mai kai mata, mijinta ya rasu shekara biyu ke nan. Da wanki take ciyar da 'ya'ya uku, kuma har unguwar Ekoudou an san ta da iya wanke shadda ba tare da ta kashe mata ƙyalli ba. Matan gidan kuwa kowacce ta ɗauka wata ta gaya mata.

Ta ji warin, to amma a makon nan unguwar gaba ɗaya warin jabel take yi. Ta ja ruwa, ta jiƙa babbar rigar Haman mahauci, shuɗiyar shadda mai aikin hannu da zai sa ranar sunan jikansa, ta tafi dama sitaci. Da ta dawo rigar ta yi dabbare-dabbare, fari nan, ruwan ƙasa can. Garin tsamo ta fatar yatsunta ta fara saɓulewa.

Ta kai wa Alhaji, ta durƙusa. Ya ɗaga rigar ya duba ta a rana, fuskarsa ta washe.

"Kin gani ko, 'yata? Abin da ya yi wa shuni haka, ina ga ƙwayar cuta?"

Ya roƙi ta bar masa rigar zuwa la'asar, akwai masu shakka a masallaci.

Haman bai ɗaga murya ba. Ya ce ƙaddara ce, ya yi mata sannu da hannu, sannan ya tambaya ko sauran kayansa sun bushe, don matarsa ta ce daga yau ita za ta riƙa wankewa. Kafin Juma'a gidaje huɗu sun gano cewa su ma matansu sun iya wanki.

Ranar Alhamis Tasalla ta buɗe akwatin ƙarfe, ta fito da babbar rigar marigayi, wadda take ajiye wa ɗansu Sabiru har kafaɗarsa ta cika ta. Ta goge ta da yatsu a naɗe cikin tsumma, ta kai rumfar Haman. Ya gwada, ya ce ta ɗan yi masa gajarta, amma ba komai, ya yafe.

Ta yi masa godiya.